Kitso a Gaban Ƙwarangwal

Jajibirin Sallah ne, bayan la'asar, a ɗakin kakata Hajiya a Gwammaja. Tana yi mini kitso, ta matse kafaɗuna da gwiwoyinta, fuskata na kallon talabijin. Kawuna ya saka mana kaset ɗin katun. A ciki, matattu ne suka haɗa bikinsu da na Kirsimeti, ƙwarangwal suna rataya fitilu a bishiya suna rera waƙa. Yaran gidan sai dariya suke yi.

Ni kuwa wata huɗu ke nan da rasuwar babana.

Na yunƙura zan kau da kai, ta danne ni. "Tsaya mana, za ki karkatar mini da tsaga."

Warin man shanu ya cika ɗakin, yara kuma sun tare ƙofa. Na ce, "Hajiya, haka Baba ya koma?"

Hannunta ya tsaya cak. Sai na ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a ƙeyata. A lokacin ban tuna cewa ɗanta ne ba. Har yau ina jin nauyin tambayar nan da na yi mata.