Mai Ruwan Toka

Katin ya kwana goma sha tara bai motsa ba.

Mongi Kammun ya tsaya gaban babban allon kwamfuta da ke jikin bangon ofis, kofin shayi a hannu, yana yatsina fuska. Layi uku ne a allon: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Kowane aiki a kamfanin nan mai fitar da man zaitun daga birnin Sfax yana da katinsa, kowane kati da launin wanda aikin ke hannunsa. Kore ba ya kwana. Shuɗi da ja suna ɗan taɓawa. Ruwan toka kuwa ya taru a layin tsakiya, kati kan kati, har sai an ja allon ƙasa kafin a ga ƙarshensa.

Shi ya kawo tsarin, wata uku da zamansa manaja. Shi ya kuma ce a ɓoye sunaye. Ya lura mai kamfanin, Lella Habiba, tana da tausayin tsofaffin ma'aikatan marigayi mijinta, shi kuwa a ganinsa rabinsu kujera kawai suke ɗumamawa. In ba suna, ba tausayi.

"A ba kowa launi," ya ce wa Sihem, wadda ke kula da kwamfutocin ofis.

"Kowa da kowa, Si Mongi?"

"Da Faransanci na faɗa? Kowa da kowa."

Ta tura masa kalmar sirrinsa ta shiga allon a waya. Bai buɗe ba. Jan kati aikin ƙananan ma'aikata ne, manaja dubawa yake daga sama. Da wayar ta dame shi da ƙara tun ranar farko, ya kashe sanarwar gaba ɗaya. Ya kuma kafa doka: kada wanda ya sake zuwa ƙofarsa da bayanin baki. Komai a allo.

Bai sha wahalar gane mai ruwan tokar ba. Am Hedi ne, wane ne in ba shi ba? Dattijo mai shekara sittin da uku, mai buga rubutu da yatsa ɗaya, wanda sallar azahar ke ɗaukarsa rabin awa. Kullum da safe Mongi sai ya tsaya daidai teburinsa ya ɗaga murya.

"Mai ruwan toka, Allah ya ƙara maka barci. Jakin da ke juya dutsen matsar zaitun ma ya fi ka sanin abin da ya kawo shi."

Am Hedi ba ya ɗago kai. Sauran biyar ɗin sukan kalli juna, su koma kan aikinsu. Sau ɗaya Wassila, mai haɗa takardun fito, ta buɗe baki.

"Si Mongi, ai katunan nan..."

"Na tambaye ki? Ko ke ce lauyarsa?"

Ba ta sake ba. Ba wanda ya sake.

Ranar Talata jirgin ruwa mai zuwa Marseille ya tashi ba tare da kwantenarsu ba. Man yana tashar ruwa, an cika, an rufe, takardar shaidar inganci ce kawai ba ta fita daga ofis ba. Mai sayen, wanda ya shekara goma sha biyu yana hulɗa da su, ya bugo ya ce ya samu wasu a birnin Susa masu cika alkawari.

Mongi ya nemo katin takardar a allo. Ruwan toka. Har wani daɗi ya ji.

Washegari Lella Habiba ta zo da kanta, tana dogara sanda. Aka taru gaban allon. Mongi ya gyara kwat ɗinsa, ya yi magana ta kusan minti ashirin. Ya nuna kore ya ce ga irin ma'aikacin da ake nema, ko waye shi a ƙara masa girma. Sannan ya sa yatsa kan tulin tokar.

"Kati arba'in da ɗaya, Lella. Ba guda da ya taɓa. Wannan ba ma'aikaci ba ne, kaska ce a jikin kamfani. Na san halinki, da kin ji suna za ki tuna marigayi. Shi ya sa nake so ki yanke hukunci kafin ki gani."

"Ko wane ne, ɗana?"

"Ko wane ne. Yau ɗin nan ya kwashe kayansa."

Ya ajiye mata takardar sallama da ya rubuta da hannunsa, wurin suna kawai ya bari. Ta karanta a hankali, ta dubi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya. Duk sun sunkuyar da kai. Ta yi ajiyar zuciya, ta sa hannu.

"Sihem, buɗe mana sunayen," in ji Lella Habiba.

Mongi bai ko kalli allon ba. Am Hedi ya zuba wa ido, yana jiran ya ga yadda fuskar za ta zube. Sai ya ga dattijon ya ciro tabarau ya saka, ya leƙa, ya ce a hankali, "Alhamdulillahi." Sunan Am Hedi ne a ƙarƙashin kore.

Mongi ya juya. Ya bi launukan da ido, karo na farko yana ƙirgawa. Ma'aikatansa shida ne. Launi bakwai. A ƙarƙashin ruwan toka, sunan Mongi Kammun ne.

"Duk abin da ke jiran sa hannun manaja, can muke tura shi," in ji Sihem, tana miƙa wa Lella Habiba biro ta cike wurin suna. "Kammun da harafin m biyu ake rubutawa, Lella."