Abin da ke Ƙarƙashin Hula

Saura sati uku ɗaurin aure, wayar Abdulbasit ta rantse sai ta tona masa asiri. Ya buɗe labarai, ga tallan maganin sanƙo. Ya leƙa sakamakon ƙwallo, ga shi nan dai. A motar Abuja har na kusa da shi ya leƙo ya ce, "Oga, yana aiki kuwa?"

To, sanƙon dai akwai shi, tal kamar bayan faranti. Amma shekara biyu yana neman Asama'u bai taɓa cire hula a gabanta ba. Alwala ma sai ya zaga bayan masallaci. Yarinya ce mai dariyar tsiya, tsoronsa kada ta gani ta ce ta fasa.

Abin haushin, shi bai taɓa rubuta kalmar a waya ba, wallahi ko da wasa. Ya goge tarihin bincike, ya kashe duk abin da ake iya kashewa a saitin, ya manna wa kyamara salatif. Har mai askinsa sai da ya zarga, ya daina gaishe shi. Talla ko gezau.

Da ya yi ƙorafin ciwon kai, Asama'u, baiwar Allah, ta ba shi wani mai a kwalba marar takarda, ta ce a riƙa shafawa a tsakiyar kai safe da yamma.

Asabar ce ke tayar masa da hankali. Unguwarsa, Chaza, ba wuta, don haka in ya je zance ran Asabar a gidan su Asama'u yake barin wayar a caji ya tafi magariba. In tallan ya faɗo a gabanta fa? Ai shi ke nan!

Ran Litinin ya kai wa Somto mai gyaran waya a kasuwa.

"Oga, waya ba ya ganin kai," in ji Somto da Hausarsa ta kasuwa. "Abin da aka nema shi yana bin ka. Ka goge na waya, amma akawun naka ya ajiye."

"Ni ban nemi komai ba!"

Somto ya latsa, ya latsa, ya kalli hular, ya danne dariya, ya miƙo masa.

A tarihin akawun ɗin, duk Asabar tun bara, daidai magariba, tambaya ɗaya ake yi: "Man sanƙo mafi kyau ga ango mai kunya."