Layi Biyu, Karo na Biyu

Tsinken gwajin ciki biyu muka kife a bakin madubi, ɗaya nawa, ɗaya na mijina, kowa na tsoron juyawa.

Shekarun baya, a wannan banɗaki na gidanmu a Winnipeg, ya ɗauki tsinkena don tsokana ya gwada fitsarinsa. Layi biyu suka fito. Muka yi dariya har da hawaye, abokan wasansa na kan ƙanƙara suka laƙaba masa suna "mai ciki". Likitar da muka ba labarin ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai ciwon dajin maraina da ke zuba wa jini sinadarin da ke nuna ciki, kuma nasa ya hau sosai.

Aka yi tiyata, aka ɗura magani, gashi ya zube, maganar haihuwa ta mutu a bakinmu. Ana ta ɗibar jini. Adadin sinadarin ya sauka, bai ƙara ɗagowa ba. Jiya likita ta sallame shi, amma mutumin nan ya rantse sai ya gani da idonsa.

"Juya naka, matsoraci," na ce.

"Ke fara mana, sarkin baki."

Ya runtse ido ya juya. Layi ɗaya.

"Na warke!" Ihunsa ya cika gidan. "Sai 'yan iskan nan su san inda za su kai sunansu!"

Na juya nawa na miƙa masa. Layi biyu.

"Bar su, malam. Sunan ya dawo wurin mai shi."