Wanzamin da Ba a Zuwa Gidansa

Kai da kake cewa duk unguwarku babu wanda ba kwa gaisawa da shi, gyara zama ka ji abin da ya sami wani maɗinki.

Maɗinkin nan yana da amini wanzami, dattijo mai tsafta, ba a taɓa ganin rigarsa da datti ba. Ka kuwa san sana'ar wanzami, shi ke zuwa, ba a zuwa masa. Duk Juma'a da hantsi sai ya ɓullo da zabirarsa a kafaɗa, ya zauna a zauren maɗinki ya yi masa aski, ya gyara masa gemu, a dama fura su sha. Shi ya yi wa 'ya'yan gidan askin suna, haka ma kusan kowane gida na layin. In ya tashi tafiya maɗinki ya ce, "A gai da gida," shi kuma ya ce, "Gida zai ji." Har bugun ƙirji maɗinki yake yi a majalisa, wai duk garin babu wanda ya san wanzami kamarsa.

Wata Juma'a cikin damina, ana tsakar aski, sai aska ta suɓuce daga hannun wanzami, ya kife a kan tabarma, jikinsa zafi rau. Mai kemis ya zo ya duba, ya ce sanyi ne ya kama masa ƙirji, a kai shi gida a lulluɓe shi, kada iska ta taɓa shi. Aka tsayar da a-daidaita-sahu aka sa shi ciki. Nan maƙwabta suka tsaya kallon-kallo, domin an rasa wanda ya san gidan. Maɗinki ya ce su kauce, shi ya sani, ai ya je ta'aziyya lokacin da matar wanzamin ta rasu. Suka nufi bayan kasuwar hatsi, inda ya san wani gidan haya na ƙasa mai durumi a ƙofa. Da suka isa, babu gida, babu durumi, sai kwalta shimfiɗe da jerin shaguna. Ya sauka ya zaga, ya dawo ya sake zagawa, yana zaton lungun ya ɓace masa. Wata tsohuwa mai ƙosai ce ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ai an rushe gidan tun da aka fitar da titi, damina ta zagayo ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mai gida ya karɓi diyya, 'yan haya aka ce su kwashe komatsansu. Masu dangi a ƙauye suka koma ƙauye. Shi kuwa wanzami ba mata, ba ɗa, ba ƙarfin kama wani ɗakin. Sai ta ɗaga tsinken ƙosai ta nuna bayan tasha.

Gawar wata tsohuwar bas ce a can, ba tayoyi, an toshe tagoginta da buhuna. Maɗinki ya leƙa. Ga tabarma sharkaf da ruwan da ya kwana, ga buta, ga farar riga a ninke cikin leda an rataye ta a ƙusa don kada yoyo ya ɓata ta. Ya gane rigar, shi ya ɗinka ta da hannunsa. Sai ya durƙusa a cikin taɓo yana salati, kansa rabi da aski rabi babu. Abin da ya fi girgiza shi ma ba bas ɗin ba ce. Tunowa ya yi a zaurensa akwai ɗaki mai rufin kwano, busasshe, wanda ya cika da dusar raguna, kuma a jikin ƙyauren ɗakin nan wanzami yake jingina bayansa duk Juma'a.

Suka juyo da wanzami gidan maɗinki. Kafin la'asar labari ya gama unguwa, kowa ya riƙe baki. Abin takaici, sai ga ɗakuna sun samu: wannan yana da shago ba kowa ciki, wancan ɗansa ya yi aure ya bar ɗaki. Maɗinki bai saurari kowa ba, ya yi ta jido buhunan dusa yana watsarwa tsakar gida. Wani ya kawo katifa, wata ta aiko da bargo da kunu. Da wanzami ya farfaɗo, maɗinki ya tambaye shi cikin kuka me ya hana shi faɗa. Dattijon ya ce, "Kunya ta hana ni faɗa, kai kuma ba ka zo ba. Da sau ɗaya ka rako ni, da ka gani."

Bai yi mako a ɗakin ba. Sanyin ya riga ya ci ƙarfinsa, Allah ya karɓi abinsa. A ƙofar maɗinki aka yi zaman makoki, don babu wata ƙofar da za a shimfiɗa tabarma. Bayan an tashi, dattawan layin suka bi mutanensu ɗaya ɗaya har makwancinsu, sai ga mai ga-ruwan da ke ba su ruwa kullum ashe a ƙarƙashin baronsa yake kwana. Shi dai an cece shi, ya gaji ɗakin.

To ka ji. Gaisuwar bakin hanya ba ta nuna maka inda mutum yake kwantar da haƙarƙarinsa. Shi ya sa magabata suka ce zumunci a ƙafa yake.