Goran Mai Jiran Ayari

Bayan an tashi daga sujada, Tanimu tela ya tare tsohon mai wa'azinmu, yana son ya ji wace shekara Almasihu zai dawo. Tsohon ya cire tabarau ya murza idanu. Shekara arba'in ke nan ana yi masa wannan tambaya. Ya ce, "Zauna, ɗana, ƙafafuna sun gaji."

Ya ce an yi wani madugu da ya bi ta wani gari a bakin hamada, ya raba wa kowa gora kyauta, mutumin kirki da ɓarawo, ba wanda ya roƙa. Ya ce zai dawo ya ƙetare da su zuwa ƙasa mai ruwa, amma bai faɗi rana ba. Gora kuwa ba a zuba masa ruwan sha haka nan. Sai an yanke bakinsa, an fafe cikin, a jiƙa, a zubar, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki, har ɗacin ya fita. Aiki ne mai gundura, ga wari. Wata tsohuwa ta yi ta fama da nata, kullum ta ɗanɗana ta tofar, ta sake cikawa. Maƙwabcinta ya rataye nasa a rumfa, ya ce ai gora ya riga ya zama nasa, ba mai ƙwacewa. Sai ya duƙufa ga duban wata da tare fatake yana tambaya. Sau uku yana sanar da ranar, sau uku tana wucewa.

Madugu ya iso wata Talata da hantsi, mutumin yana wurin wanzami. Ya fafe gora a gurguje, ya cika, ya bi ayari. Ba wanda ya hana shi. A zango na biyu ƙishirwa ta kama shi, ya kafa kai ya sha, ɗaci ya sa ya amayar. Kowa ruwansa daidai tafiyarsa ne, ba mai rarar da zai ba shi. Ya zauna a rairayi da gora cike a cinya, yana kallon raƙuma suna ƙara nisa.

Tsohon ya ce, "Ceto kyauta ne, Tanimu, ba da guminka ka same shi ba. Amma ɗacin da ke cikinka ka san shi, matarka ma ta san shi. Shekara kam ban sani ba. Na gaba dai sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya."