Ingilishin Hadda

Sati uku Latifu yana zuwa rumfar Malam Abdulwasi'u bayan la'asar, sati ukun nan kuwa ba su bar darasi ɗaya ba: yadda mutum zai faɗi abin da yake yi kullum da Ingilishi. Ina kwana a wuri kaza, ina sayar da kaza, wane yana tuƙa mota. In kai ne mai aikin, kalma ta tsaya yadda take. In shi ne ko ita, a liƙa mata harafi a wutsiya.

Latifu ɗan dako ne a kasuwar albasa ta Malanville. Tun yana aji huɗu ya bar lakwal, wato makarantar boko, kuma wuyansa ya gaji da buhu. Abin da ya kai shi rumfar shi ne labarin da ya ji cewa Alhaji Na-Allah, babban ɗan kasuwar albasa, yana neman ɗan rakiya mai jin Ingilishi da zai riƙa bin kamiyonsa, babbar motarsa ta kaya, zuwa Kumasi.

Ran nan ya buga littafi a kan benci.

"Malam, wai ba mu wucewa gaba? I sell, he sells, I sell, he sells! Ko aku ya gaji."

"To, tashi ka gaya min inda babanka yake noma," in ji Malam.

Latifu ya miƙe, ya buɗe baki, ya rufe. Sauran ɗalibai suka sunkuyar da kai suna dariya.

"Ka gani? Ba ni wata biyu, bakinka ya buɗe."

"Wata biyu? Kamiyo ran Lahadi za shi tashi, Malam!"

"Bar shi ya tahi. Albasa ba ta ƙarewa garin ga."

Latifu bai sake komawa ba. Ya buɗe littafin, ya sami wani shafi inda wani mutum yake ba da labarin kansa. Malam ya taɓa karanta musu shi, saboda haka ya san yadda ake furtawa. Ya haddace shi kamar yadda ya haddace allo yana yaro, yana ɗauke da buhu yana bita. Cikin kwana huɗu shafin ya zauna masa daram a ka. Ma'anarsa kuwa bai tambayi kowa ba.

Ran Juma'a ya durƙusa gaban Alhaji.

"Kai ɗan Bukari, an ce kana jin Ingilishi? Yi mu ji."

Latifu ya zuba shafin nan tun daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe babu. Alhaji bai san kalma ɗaya ba, amma ya tafa hannu.

"Masha Allah! Kamar rediyo. Shirya kayanka."

Da labari ya isa ƙauyensu Garou, mahaifinsa Malam Bukari ya kwaso albasarsa ta bana kaf ya haɗa a cikin lodin. Ya ce tunda ɗansa ne zai raka, ba shi da fargaba.

Sun ratsa Togo lafiya da ɗan Faransancin Latifu. Da suka shiga Gana, a wani shinge aka tsayar da su. Jami'i ya karɓi takardun mota da katin shaidar Latifu, ya yi masa gajerun tambayoyi uku. Kalmomin sun yi wa Latifu kama da fuskokin da ya taɓa gani amma ya kasa tuna sunayensu.

Ango direba ya zungure shi. "Yi magana mana! Ba don wanga anka ɗauko ka ba?"

Latifu ya saki abin da yake da shi. Ashe mutumin shafin cewa yake sunansa Peter, yana zaune a Legas, yana aiki a banki. Jami'in ya dubi katin, ya ga Latifu Bukari, Malanville. Ya sake tambaya. Latifu ya sake kawo shafin daga farko. Nan take aka ce a gyara fakin gefen hanya.

Sai washegari aka sami wani Bahaushe mai fataucin goro ya yi tafinta.

"Ɗan'uwa, me ya kai ka? Cewa kawai ya yi ina kake zaune, me kake ɗauke da shi, wa kake yi wa aiki."

Latifu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tambayoyin rumfar Malam ne, ba ƙari ba ragi.

Amma zargi ya riga ya shiga. Mutum mai suna biyu, dole a san abin da ke ƙarƙashin kayansa. Aka sauke buhunan duka aka jere su a fili. Kafin a gama bincike hadari ya haɗo, ruwa ya sauka a kansu, rana ta biyo baya. Kwana uku suka yi a wurin. Da suka isa Kumasi baƙin ruwa ne yake ɗiga daga bayan kamiyo, masu saye suna toshe hanci suna wucewa.

Da suka dawo, Alhaji bai ɗaga murya ba.

"Da ka ce min ba ka iya ba, da na nemi wani. Tashi ka ba ni wuri."

A Garou, Malam Bukari ya dubi tafin hannunsa.

"Wata huɗu ina ban ruwa, Latifu. Ni da uwarka."

Yanzu ko dakon ma, in Latifu ya matso kusa da mota, sai masu kaya su kira wani.

Jama'a, hadda ba ilimi ba ce, kuma karatu ba ya son gaggawa. Wanda ya ce ya iya abin da bai iya ba, ba shi kaɗai zai kwashi asara ba, har da duk wanda ya yarda da shi.