Fiffiken Hagu

Dakta Salihu ya lanƙwasa hancin jirgin, ya janyo injinan biyu suka zama ƙafafu, ya naɗe fiffiken dama. Saura na hagu. Ya riƙe numfashi, ya tura shi da ɗan yatsa. Ƙas! Fiffiken ya shige gurbinsa, ɗan jirgin yaƙin roba ya miƙe tsaye a kan tebur ya zama mutum-mutumi. Salihu ya ce alhamdu lillahi, ya ɗauki jaka ya nufi tashar jirgin ƙasa.

Abokansa a unguwar Levenshulme ta Manchester sun ɗauka tsufa ne ya zo masa da yarinta. Babban likitan ido, da furfurarsa da komai, yana zaman haɗa jiragen finafinan katun na Japan! Shi dai murmushi yake yi. Gara su yi masa dariya da su san gaskiya.

Gaskiyar kuwa ita ce tun bara hannunsa na dama ya fara rawa. Da cokalin shayi ya fara lura. Bai je wurin likitan unguwarsu ba, don ya san inda maganar za ta ƙare. Bai kuma gaya wa matarsa Kubura ba. Lokacin gwamnati ta tsuke bakin aljihu, an rufe sashensu a Manchester, da ƙyar ya samu aikin wucin gadi a wani asibiti a Birmingham, inda likitoci biyu suke ɗauke da aikin mutum biyar. Masu jiran tiyata sun yi yawa, ba wanda yake da lokacin kallon hannun wani.

Sai ya naɗa wa kansa alƙali. A fiffiken hagu na jiragen nan akwai wata 'yar ƙusa da ba ta kai allura kauri ba. Gam ya wuce gurbinta ko da ƙwayar gero, fiffiken ya ƙage ke nan. Duk Lahadi bayan la'asar yakan haɗa sabo, ya bar shi ya bushe, Litinin in ya dawo daga sallar asuba ya gwada. Ya yi wa Allah alkawari shi kaɗai: ranar da fiffiken ya ƙi naɗuwa, ranar zai ajiye wuƙar tiyata.

Sau da yawa yakan tashi daga teburin yana jin ya ɓata aikin. Gari na wayewa sai ya ga komai daidai, ya ce ashe gajiya ce da tsoro.

Kubura ba ta taɓa yi masa tsiya ba. 'Yar masu ɗinkin hula ce daga Zariya, mace mai kawaici, irin wadda ko baƙo ya fasa mata kofi sai ta ce dama ya tsage. Ita take tashinsa da asuba, ta miƙa masa rigar sanyi, ta ce ya je masallaci kada ya rasa jam'i. Ƙorafinta ɗaya a 'yan watannin nan, ƙunshin lalle ya daina kama mata kan yatsu. Wata rana ya tsinci matsefatarta a cikin kayan aikinsa, ya mayar mata kan madubi.

Litinin ɗin nan an kawo masa Alfred, tsohon ma'aikacin gidan waya daga unguwar Aston. Idonsa ɗaya ya mutu tun yana saurayi, ɗayan kuma ya fara tafiya. Ya fi shekara yana jiran layi. Kafin a kwantar da shi ya kama hannun Salihu da hannu biyu, ya ce burinsa kawai ya ga fuskar jikar da aka haifa masa.

Aikin ya yi nisa lafiya. Sai a wuri mafi siranta, inda ake son hannu ya tsaya cak, hannun ya yi 'yar girgiza. Sau ɗaya tak. Nas ɗin da take gefensa ta ɗago kai ta dube shi.

Alfred ba zai ga jikarsa ba, ba zai ƙara ganin kowa ba.

A hanyar dawowa Salihu ya zauna yana kallon hannunsa kamar na wani. Baƙin ciki ya cika shi, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne bai yi ganganci ba. Ya gwada. Fiffiken ya naɗu a gabansa, ya ji ƙararsa da kunnensa.

Yana isa gida ya wuce abincin da Kubura ta jera, ya farke sabon kwali. Wannan karon ya zuba ido sosai. Ƙusar ta kuɓuce masa sau uku. Gam ya malale har kan fiffiken, ya ga abinsa ƙuru-ƙuru. Ya ajiye shi haka, ya tashi.

Da asuba Kubura ta miƙa masa rigar sanyi kamar kullum. Ya fita, ya kai bakin titin Stockport Road, sai ya tsaya. Da wane ido zai tsaya a sahu? Ya juyo gida, ya buɗe ƙofa a hankali.

Fitilar teburinsa a kunne take. Kubura tana zaune a kujerarsa da tabarau a karan hanci, matsefata a hannu, farin busasshen gam a kan yatsunta. Ta riga ta kankare fiffiken tas, tana zura ƙusar, hannunta ko rawa ba ya yi.

Ta ɗago ta gan shi, ta yi 'yar dariyar kunya.

"Yau dai ka kama ni, Baban Raki," ta ce. "Kada ka damu, ba wanda ya sani. Tun bara na hagun nan yake gagarar ka, ni nake gyara maka in ka tafi masallaci, don kada ka dawo ranka ya ɓaci."